Afyun, Morfin da Kodin: Tarihin Maganin Kashe Zafi da Muhawarar Ƙayyade Shi a Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Unguwar Kado tana cikin birnin Abuja, kusa da Jabi da Gwarimpa, kuma an fi saninta da babbar kasuwar kifi. Kamar yadda yake a sauran kasuwannin birnin, Hausa tana cikin harsunan da ake hulɗa da su a wurin, a bakin fatake da 'yan dako da masu gadi da direbobi. Wanda duk ya saurari zantukan yau da kullum na irin waɗannan wurare zai ji kalmar "ƙwaya" tana fitowa da ma'ana biyu. Wani zai ce likita ya rubuta masa ƙwaya ya riƙa sha safe da yamma. Wani kuma zai ce a yi hankali da wane, ɗan ƙwaya ne. A jimla ta farko magani ake nufi, a ta biyu kuwa abin maye. Sau da yawa kuma abu guda ne ake magana a kansa.

Wannan harshen damo bai tsaya ga bakin jama'a kaɗai ba. A Jahi, maƙwabciyar Kado, akwai hedkwatar Hukumar Hana Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi, wato NDLEA. A Idu akwai majalisar da ke kula da aikin masu haɗa magunguna, da kuma cibiyar binciken magunguna ta ƙasa. A Jabi akwai asibitin Gwamnatin Tarayya, a tsakiyar birni kuma akwai Asibitin Ƙasa. Wasu daga cikin waɗannan hukumomi aikinsu shi ne su raba jama'a da wannan ƙwaya, wasu kuwa aikinsu shi ne su kai ta ga majinyaci.

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin tarihin afyun da magungunan da aka samo daga gare shi, musamman morfin da kodin, da kuma muhawarar da aka daɗe ana yi kan yadda za a ƙayyade su. Takardar za ta nuna cewa nauyi biyu ne ke kan hukuma: hana maye da samar da magani. Nijeriya ta ba na farko ƙarfi sosai, na biyu kuwa ya samu koma baya. Daga ƙarshe za a duba rawar da kalmomin Hausa ke takawa a cikin wannan matsala.

2.0 Asalin Afyun

Afyun ƙaro ne da ake samu daga wani tsiro mai fure da masana tsirrai ke kira Papaver somniferum, ma'ana mai kawo barci. Idan furen ya kaɗe, sai ya bar wani ƙullutu mai girman ƙwan kaza. Manomi yakan tsattsaga fatar ƙullutun da 'yar wuƙa tun yana ɗanye, sai wani farin ruwa mai kama da na tumfafiya ya tsatso. Idan ya kwana ya sha iska sai ya yi kauri ya koma ruwan ƙasa, a kankare shi a tara. Wannan shi ne afyun.

Ɗan'adam ya san wannan tsiro fiye da shekaru 5,000 da suka wuce, a ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum. Wani likitan Girka mai suna Dioscorides ya bayyana yadda ake tatsar sa tun a ƙarni na 1 Miladiyya. Daga sunansa na Girkanci ne Farisawa da Larabawa suka samo kalmar "afyun". Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayaninsa a littafinsa al-Ƙanun fi al-Ɗibb a matsayin mafi ƙarfin abubuwan da ke kashe zafi, ya kuma yi gargaɗi cewa idan ya wuce ƙima yana kisa.

Ba a san ƙasar Hausa da noman afyun ba. Magungunan ciwo na Bahaushe daga sassaƙe da saiwoyi da ganyayen dajinsa suke, abin gusar da hankali kuwa da ya fi sani daga tsirrai shi ne zaƙami, wanda ake yi wa laƙabi da haukata-yaro. Ta hanyar littattafan Larabci ne sunan afyun ya iso ga malamai, ta hanyar asibitin Turawa kuma magungunansa suka iso ga jama'a.

2.1 Rabe-raben Malaman Fiƙihu

Tun kafin dokokin zamani, malaman mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a ƙasar Hausa, sun tattauna hukuncin irin waɗannan abubuwa. Shihabuddin al-Ƙarafi, malamin Masar da ya rasu a 1285, ya kasa masu taɓa hankali gida uku a littafinsa al-Furuƙ. Na farko shi ne muskir, wanda ke gusar da hankali tare da nishaɗi, kamar giya. Na biyu shi ne mufsid, wanda ke dagula hankali ba tare da wannan nishaɗi ba. Na uku shi ne murƙid, wanda ke ɗauke hankali da ji da gani gaba ɗaya. Na farko kaɗai ne ke jawo haddi, shi ne kuma kaɗan ɗinsa da mai yawansa duk haramun ne. Sauran biyun abin da aka hana daga cikinsu shi ne gwargwadon da zai taɓa hankali.

Malaman da suka biyo baya sun sanya afyun a waje da rukunin giya. Al-Haɗɗab, wanda ya rasu a 1547, ya kawo a sharhinsa na Muhtasar Halil cewa ya halatta a shayar da mutum abin da zai ɗauke masa ji idan za a yanke masa wata gaɓa. Abin lura a nan shi ne, waɗannan malamai sun dubi aikin da abu yake yi, da yawan da aka sha, da dalilin sha. Wannan ma'auni uku zai sake bayyana a ƙarshen takardar.

3.0 Daga Ƙaro Zuwa Sinadari

Matsalar ɗanyen afyun ita ce ƙarfinsa ba ɗaya ba ne. Wanda aka tatsa a wannan gona yana iya ninka na waccan, saboda haka likita ba ya da tabbacin awo. A wajejen 1805 wani matashi mai haɗa magunguna a Jamus, Friedrich Sertürner, ya ware sinadarin da ke yin aikin daga cikin ƙaron. A 1817 ya wallafa cikakken bayani, aka kuma sa wa sinadarin suna morfin, daga sunan abin bautar Girkawa na mafarki. Kamfanin Merck ya fara sarrafa shi don kasuwa a 1827. A 1832 wani Bafaranshe mai suna Pierre Robiquet ya ware sinadari na biyu, wato kodin. Morfin ya kai kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyin afyun, kodin kuwa bai kai haka ba ko kusa, shi ya sa yawancin kodin da ke kasuwa daga morfin ake juya shi.

Ƙirƙiro sirinjin allura a 1853 ya ba likitoci damar kai morfin cikin jiki kai tsaye. An yi amfani da shi sosai ga sojojin da suka jikkata a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, aka kuma fara ganin yadda mutane ke kamuwa da shi. A 1874 aka haɗa wani sabon sinadari daga morfin a Landan. Kamfanin Bayer na Jamus ya fito da shi kasuwa a 1898 da sunan Heroin, ya tallata shi a matsayin maganin tari. Ba a jima ba aka gane ya fi morfin saurin kama mutum, kamfanin ya daina yin sa a 1913. Ke nan shekaru 120 kafin rikicin kodin na Nijeriya, duniya ta riga ta ga yadda maganin tari ke rikiɗa ya zama annoba.

Sai a 1973 masana suka gano yadda waɗannan sinadarai ke aiki. A ƙwaƙwalwa da laka da hanji akwai wasu gurabe da sinadarin ke maƙalewa. Idan ya maƙale sai saƙon zafi ya ragu, tari ya lafa, hanji ya yi nauyi, numfashi kuma ya yi ƙasa. Wannan na ƙarshe shi ne ke kisa idan an wuce ƙima. Kodin shi kansa ba shi da ƙarfi sosai. Hanta ce ke juya wani ɗan kaso nasa ya koma morfin. Wato mai shan kwalbar kodin, morfin yake sha a fakaice. Idan aka daɗe ana sha, jiki yakan saba, abin da ya isa jiya ya kasa isa yau.

4.0 Yarjejeniyoyin Duniya

Dokar ƙayyade afyun daga rikicin kasuwanci ta samo asali. A ƙarni na 19 Turawan Ingila suna noma afyun a Indiya suna sayarwa a ƙasar Sin. A 1839 wani jami'in Sarkin Sin mai suna Lin Zexu ya ƙwace akwatuna fiye da 20,000 ya lalata su. Ingila ta mayar da martani da yaƙi daga 1839 zuwa 1842, ta ci nasara, ta karɓi tsibirin Hong Kong. Aka sake gwabzawa daga 1856 zuwa 1860, aka kuma halatta cinikin. Ƙasar da ta yi yaƙi biyu don a sayi afyun ita ce daga baya ta kafa wa Nijeriya dokar hana shi.

A 1909 ƙasashe 13 suka yi taro a Shangai kan matsalar. A ranar 23 ga Janairu, 1912 aka sa hannu kan yarjejeniyar farko a birnin Hague, wadda ta shafi afyun da morfin da hodar iblis. Yarjejeniyar 1925 ta kawo tsarin takardar izinin shigo da kaya da fitar da su. Ta 1931 ta wajabta wa kowace ƙasa ta bayyana yawan abin da take buƙata a shekara, ta kuma shigar da kodin cikin lissafi, amma da sassauci.

A 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta haɗe waɗannan duka a yarjejeniya guda. Gabatarwar wannan yarjejeniya ta tabbatar da abu biyu: cewa waɗannan magunguna ba makawa gare su wajen rage wa majinyata raɗaɗi, don haka dole a samar da su, da kuma cewa kamuwa da su babbar musiba ce da dole a yaƙa. An sa morfin a jeri na farko mai tsananin sharuɗɗa. An sa kodin a jeri na biyu, sa'annan magungunan da aka gauraya da kodin kaɗan, irin su ruwan maganin tari, aka sa su a jeri na uku mai sauƙin sharuɗɗa. Wannan rabo ya yi tasiri ƙwarai a Nijeriya: morfin ya shige bayan ƙofofi masu makullai da yawa, kodin kuwa ya zauna a kan kanta.

5.0 Dokokin Nijeriya

Dokar farko mai faɗi ita ce ta Magunguna Masu Haɗari ta 1935, wadda gwamnatin mulkin mallaka ta kafa don cika sharuɗɗan yarjejeniyoyin da Ingila ta shiga. Bayan samun mulkin kai, hankali ya karkata ga wiwi. Dokar soja ta 1966 ta tanadi hukuncin kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai noma ta. An sassauta wannan a 1975.

A farkon shekarun 1980 Nijeriya ta zama zango ga masu safarar hodar iblis da hiroyin zuwa Turai da Amurka. Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta kafa Doka ta 20 ta 1984, wadda ta tanadi kisa, aka kuma mayar da ita baya ta hau kan laifin da aka aikata kafin kafa ta. A ranar 10 ga Afrilu, 1985 aka harbe mutum uku a Legas: Bartholomew Owoh da Bernard Ogedengbe da Lawal Ojuolape. Lauyoyi da malaman addini da 'yan jarida sun yi suka mai tsanani. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta soke hukuncin kisan ta maye gurbinsa da ɗauri. Doka ta 48 ta 1989 ta kafa NDLEA, Doka ta 15 ta 1993 kuma ta kafa NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, wadda ke ba da izinin shigo da dangin afyun don asibitoci.

Muhawarar kisa ba ta mutu ba. A watan Mayu na 2024 Majalisar Dattawa ta amince da gyaran da zai dawo da hukuncin kisa ga manyan masu safara. Majalisar Wakilai ba ta tafi a kan haka ba, a ƙarshen shekarar majalisun biyu suka daidaita a kan ɗaurin rai da rai. Abin da ya fito fili daga wannan jerin dokoki shi ne, kusan dukkansu a kan hukunci suke magana.

6.0 Kodin a Ƙasar Hausa

Shan ƙwayoyin asibiti ba don ciwo ba ya daɗe a Arewa. Tun shekarun 1970 likitoci suka lura da yadda leburori da manoma da direbobi ke shan ƙwayoyin hana barci da ƙara kuzari don su jure wa aiki. Daga nan ne kalmar "ƙwaya" ta fara ɗaukar ma'anarta ta biyu. Ruwan maganin tari mai kodin ya bazu daga baya, kuma yana da abubuwan da suka sauƙaƙa masa shiga gidaje. Yana da zaƙi, ba ya wari irin na giya ko wiwi, ana iya zuba shi cikin lemon kwalba, kuma sunansa magani. Wanda zai ji kunyar a gan shi a mashaya ba zai ji kunyar shiga kyamis ba. Saboda haka ya samu karɓuwa har a wurin 'yan mata da matan aure.

A watan Oktoba na 2017 aka tayar da maganar a Majalisar Dattawa, inda aka ambaci cewa ana shan kwalabe miliyan 3 kullum a jihohin Kano da Jigawa. A watan Disamba majalisar ta kira taro a Kano ƙarƙashin shugabanta, Bukola Saraki. A ranar 30 ga Afrilu, 2018 gidan rediyo da talabijin na BBC ya fitar da wani rahoton binciken sirri da ya nuna yadda kwalaben ke fita daga hannun wasu ma'aikatan kamfanonin magani zuwa kasuwar bayan fage, ya kuma nuna matasa ɗaure da mari a wata cibiyar gyaran hali a Ɗorayi, Kano. Washegari, 1 ga Mayu, Ministan Lafiya Farfesa Isaac Adewole ya ba da sanarwar hana shigo da kodin don haɗa maganin tari. Daga baya aka janye kwalabe fiye da miliyan 2 daga kasuwa.

A watan Janairu na 2019 aka fitar da sakamakon binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi. Binciken ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da wani abin maye, ban da giya da taba, a shekarar da ta gabaci binciken. Miliyan 10.6 wiwi suka sha, miliyan 4.6 ƙwayoyin kashe zafi dangin afyun, miliyan 2.4 kuma ruwan maganin tari. A wajen maganin tari, mata da maza kusan kunnen doki suka yi. Binciken ya kuma gyara wani zato: shiyyar Kudu maso Yamma ce ke kan gaba da kashi 22.4 cikin 100, Arewa maso Yamma kuwa kashi 12, ko da yake Jihar Kano ita kaɗai ta kai kashi 16.

Masu goyon bayan haramcin sun ce gobara ce ta tashi, ba a tsayawa shawara sai an kashe ta. Masu suka kuwa sun kawo hujja uku. Ta farko, hani ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu, ga shi kuwa wuraren jinya ba su da yawa, abin da ke tura iyaye kai 'ya'yansu gidajen mari. Samamen da 'yan sanda suka kai wani irin wannan gida a Rigasa, Kaduna, a watan Satumba na 2019, inda aka fito da mutane kimanin 300, ya nuna halin da ake ciki. Ta biyu, tushen matsalar shi ne yadda ake sayar da magani a buɗaɗɗiyar kasuwa kamar tumatir. Ta uku, idan aka toshe ƙofa ɗaya masu sha za su koma wata.

6.1 Tiramol da Saiwar Tafashiya

Hujja ta uku ta tabbata a kan tiramol. Shi ba daga tsiro yake ba. Wani kamfanin Jamus ne ya haɗa shi a 1962, ya shiga kasuwa a 1977, amma gurabe ɗaya yake kamawa da morfin. Ba ya cikin jerin yarjejeniyar 1961. NAFDAC ta amince da mai nauyin miligiram 50 da 100 ne kawai, amma wanda ake kamawa a tashoshin jiragen ruwa yakan kai 225 ko fiye. Da Indiya ta tsaurara dokar fitar da shi a 2018, sai wasu ƙwayoyi masu haɗin tapentadol suka maye gurbinsa, har Indiya ta hana wannan haɗi a watan Fabrairu na 2025. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Wani abin mamaki ya faru da ya shafi itacen da Hausawa ke kira tafashiya. A 2013 wasu masana daga Faransa da Kamaru suka ba da rahoton cewa sun samu tiramol a saiwarsa a arewacin Kamaru, suka ɗauka itacen ne ke samar da shi. A 2014 wasu masana daga Dortmund ta Jamus suka sake bincike, suka tarar da sinadarin a ƙasa da ruwa da saiwoyin wasu itatuwa na yankin. Bayanin da suka bayar shi ne, manoma suna sha suna kuma ba shanun huɗa don su jure wa aiki, fitsari da kashi suna mayar da shi ƙasa, saiwa tana tsotsa. Awon da aka yi a 2016 ya ƙarfafa cewa na masana'anta ne. Wannan ya nuna yawan abin da ake sha a karkara, ya kuma nuna cewa gajiya da wahalar aiki suna cikin dalilan sha.

7.0 Majinyacin da Aka Manta

A ɗaya ɓangaren akwai mai ciwon daji da cutar ta ci ƙarfinsa, da mai sikila a lokacin da ciwon ya motsa, da wanda ya ƙone, da wanda aka yi wa babbar tiyata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa morfin cikin jerin magungunan da ba makawa gare su tun 1977. A 1986 ta fitar da tsani mai hawa uku na maganin zafin ciwon daji: farasitamol da danginsa a ƙasa, kodin a tsakiya, morfin a sama. An ƙiyasta cewa a 2022 mutum fiye da 120,000 suka kamu da ciwon daji a Nijeriya, kusan 80,000 kuma suka rasu. Jarirai kimanin 150,000 ake haifa da sikila kowace shekara.

A 2017 wani kwamitin masana da mujallar likitanci ta Lancet ta kafa ya auna yawan dangin morfin da ke isa kowace ƙasa idan an kwatanta da buƙatar majinyatanta. Abin da ke isa Nijeriya bai kai miligiram 1 ga kowane majinyaci a shekara ba, wato kashi 0.2 cikin 100 na buƙata. Amurka da Kanada kuwa suna samun ninkin buƙatarsu fiye da sau 30. Ke nan a daidai lokacin da ake maganar miliyoyin kwalaben kodin a titi, majinyacin da ke kan gado ba ya samun cokali guda na morfin.

Tsada ba ita ce babbar matsala ba, domin garin morfin yana da araha. Cikas ɗin yana wajen tsarin saye da rarrabawa da aka tattara a wuri ɗaya, da yawan takardu, da ƙarancin horo, da tsoron da likita da majinyaci da danginsa suke yi wa maganin. Yuganda ta nuna akwai mafita. A 1993 Dokta Anne Merriman, wadda ta taɓa aikin likita a Nijeriya, ta fara haɗa ruwan morfin na sha a Kampala, a 2004 kuma ƙasar ta ba ma'aikatan jinya masu horo na musamman izinin rubuta shi. A Nijeriya, Asibitin Koyarwa na Ibadan ya buɗe sashen kula da masu ciwon ajali a 2007. A 2012 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta shiga haɗin guiwa da ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta Amurka don samar da morfin, a 2017 ta fitar da manufar ƙasa kan magungunan da ake ƙayyadewa. Babban tsarin yaƙi da ƙwayoyi na 2021 zuwa 2025 ya sa samar da su cikin ginshiƙansa huɗu. Waɗannan matakai ba su samu amon da haramcin 2018 ya samu ba.

8.0 Matsalar Kalmomi

A nan ne masana harshe suke da abin cewa. Asalin ma'anar "ƙwaya" ita ce ɗan ƙaramin abu guda, kamar ƙwayar hatsi ko ƙwayar ido. Da maganin asibiti ya zo, sai ma'anar ta faɗaɗa ta haɗa da shi saboda kamanni. Daga nan ta munana, aka samu "ɗan ƙwaya" da "shan ƙwaya". A kafafen yaɗa labarai an saba da "miyagun ƙwayoyi", wadda ke ɗora mugunta a kan ƙwayar ita kanta. Wannan suna ya dace da hodar iblis, amma idan ya haɗa da morfin da kodin, to an kira maganin majinyaci mugu. Iyalin da suka shekara suna jin haka a rediyo ba abin mamaki ba ne su ƙi yarda a ba mahaifinsu morfin, don kada ya cika yana ɗan ƙwaya.

Haka kuma kalmar "sabo" tana ɗauke da abu biyu da likitoci ke bambantawa. Akwai sabon jiki, wanda ke samun duk wanda ya daɗe yana shan maganin ko da bisa umarnin likita ne, kuma ana magance shi ta rage awo sannu a hankali. Akwai kuma jaraba, inda mutum ke neman abin ido rufe alhali yana ganin cutar da yake yi masa. Wannan na biyu shi ne sabon da ake ce wa turken wawa.

Saboda haka wannan takarda tana ba da shawarar a daidaita kalmomi kamar haka: "dangin afyun" ga morfin da kodin da tiramol da makamantansu, "ƙayyadaddun magunguna" ga waɗanda doka ta tsare amma asibiti ke buƙata, "haramtattun kayan maye" ga waɗanda ba su da gurbi a asibitocin ƙasar nan, "shan magani ba bisa ƙa'ida ba" ga aikin da ake son hanawa, sai "sabon jiki" da "jaraba" kamar yadda aka bambanta su. Wannan rabo ya yi daidai da ma'aunin malaman fiƙihu da aka ambata a baya, wato aikin abu da yawansa da dalilin shansa. Aiki ne da ya kamata sassan Hausa na jami'o'i su yi tare da likitoci da masu haɗa magunguna da masu fassarar labarai.

9.0 Kammalawa

An ga yadda afyun ya taso daga ƙaron wani tsiro, ya zama morfin a wajejen 1805 da kodin a 1832, ya jawo yaƙi a ƙasar Sin, ya kuma haifar da yarjejeniyoyin da dokokin Nijeriya suka ginu a kansu tun 1935. An ga cewa dokokin ƙasar nan sun fi mayar da hankali ga hukunci, tun daga harbin 1985 har zuwa haramcin 2018, kuma duk lokacin da aka hana wani abu sai wani ya maye gurbinsa. An kuma ga cewa majinyacin da aka ƙirƙiro maganin dominsa shi ne ya fi kowa rasa shi. Matashin da kodin ya kama yana buƙatar jinya, mai ciwon daji yana buƙatar morfin, kuma biyan buƙatar ɗaya ba ya hana biyan ta ɗayan. Hukumomin da ke kewaye da Kado su ne ke da alhakin doka da magani. Alhakin da ke kan masana Hausa shi ne su samar da kalmomin da za a yi wa jama'a bayani da su, ta yadda mai sauraro zai iya rarrabe ƙwayar da likita ya rubuta da wadda aka saya a bayan fage.